Ku da Kuka Riga Kuka San Sakamako

Sannunku da aiki, malaman duba na teburin mai shayi. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta tsayar da Asabar 21 ga Fabrairu 2026 don zaɓen ciyamomi da kansiloli a Abuja, amma ku tuni kun ƙirga ƙuri'u, kun sanar da wanda ya ci, har kun rantsar da shi, alhali ko fosta ba a gama liƙawa ba. Allah ya ƙara basira.

Karatun naku sananne ne: "Zaɓen ƙaramar hukuma? Ai naɗi ne. Gwamna ke zama a falonsa ya rubuta sunaye, mu kuma a ce mu je mu sha rana." Ba zan ƙaryata ku ba, don kuna da hujja. A Kano, jam'iyyar APC ta lashe ƙananan hukumomi 44 gaba ɗaya a 2021, lokacin da take da gwamna. A 2024 NNPP ke kan mulki, ita ma ta kwashe 44 ɗin cif, ta haɗa da kujerun kansiloli 484. Kanawa dai su ne, gidan gwamnati ne ya sauya mai shi. Gwamna ke naɗa hukumar zaɓen jiha, kuma ba a Kano kaɗai ake wannan raha ba.

To amma Alhaji, tsaya tukuna, ajiye kofin. Wane gwamna ne a Abuja? Babu gwamna, babu majalisar jiha, babu hukumar zaɓen jiha. A duk faɗin Najeriya, nan kaɗai INEC da kanta take shirya zaɓen ƙananan hukumomi: ciyamomi shida na AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, da kansiloli 62. A zaɓen 2022, APC ce a fadar shugaban ƙasa, amma uku ta samu, PDP ta ɗauki uku. Cikin na PDP har da AMAC, wadda fadar kanta ke cikinta. In dai rubuta sakamakon aka yi a falo, lalle marubucin ya yi wa jam'iyyarsa rowa.

Na ga Malam ya gyara zama zai ce: "To naji. Kansila me zai tsinana mini?" Kai da ka san sunan kowane ministan Amurka, kake yanke wa Rasha da Yukren hukunci kullum bayan isha'i, faɗa mini sunan kansilan mazaɓarka. Shiru ke nan? Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwa da tasha da mayanka da maƙabarta, da kwashe shara, da sa wa tituna suna, da hannu a makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi. Mai karɓar haraji da ya tare ka da rasit a bakin shago, da bolar da ta toshe lungunku, duk can suke komawa. A 2025 malaman firamare na Abuja sun yi yajin aiki fiye da wata uku kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma biyansu yana wuyan ƙananan hukumomin ne. Hajiya, ke da kika ce siyasa ba ta shafe ki ba, wa ya yi ta fama da yara a tsakar gida tsawon watannin nan? Ba sanata ba ne.

Kuma ku daina cewa ba komai a kujerar. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya kowane wata. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Ana ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, gaskiya ne. Amma in kujerar banza ce, me ya sa manya suke kwana ba barci a kanta?

Bari dai mu faɗi abin da ke ƙasa. Yawancinku ba shakka ce ta hana ku fita ba, kati ne. Shekara ashirin kana sayar da katako a Dei-Dei, 'ya'yanka a Karmo aka haife su, amma katin zaɓenka yana Bichi ko Funtuwa, a ƙasan akwatin gyatuma. Wasu kuma a Mararaba ko Suleja suke kwana, wato Nasarawa da Neja, amma su ne kan gaba wajen yi wa zaɓen Abuja fashin baƙi. Bana har uzuri ya zo muku a sama, tunda ana sa ran ranar za ta faɗo a farkon azumi. Azumin da bai hana ku layin mai ba, shi zai hana ku layin zaɓe?

Ban ce komai zai tafi sumul ba. Masu rabon taliya da 'yan dubu-dubu za su fito, bana ma da sunan buɗa-baki. Na'urar tantance masu zaɓe ta ba da wahala a wasu rumfuna a 2022. Wanda kuka zaɓa yana iya sauya sheƙa bayan ya ci, kamar yadda aka saba. Sai dai duk wannan ya fi sauƙi ga mai maguɗi idan rumfa ba kowa. Inda mutane kaɗan suka fito, ƙuri'a kaɗan ake buƙatar saye, don haka zamanku a gida rangwame ne kuke yi masa.

Mazaunin Abuja ba ya zaɓen ministan da ke mulkin birnin, shugaban ƙasa ke naɗa shi. Ciyaman da kansila su ne masu iko na kusa da ƙuri'arsa ke iya ɗorawa ko saukewa, kuma wa'adinsu yanzu shekara huɗu ne. Mai kati ya fito, ya jefa, ya tsaya a ƙirga a gabansa, ya ɗauki hoton sakamakon da aka liƙa a rumfa. Wanda kuma ya zaɓi kwanciya, mun yarda, haƙƙinsa ne. Amma don Allah ya taimaka mana da shiru kan maganar bola da kwata har 2030.