Wasiƙa daga Mancesta a kan Mas'alar Garmaho

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Da fatan zafin bazara bai ƙarasa ƙone ɗan abin da ya rage maka na gashin kai ba, ina sanar da kai takardarka ta iso, na kuma fahimci tuhumar da ke cikinta, wato wai labari ya iske ku na zuba dukiya a kan garmaho, alhali duniya ta baro wurin tun kakarmu na da haƙoranta cif. Maganar gaskiya ce, amma tun da alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wanda ake ƙara, to, gyara zama ka ji hujjata.

Ka sani, Allah ya ƙara maka fahimta, don kana da bukatarta, mutanen ƙasar nan, bayan sun sayar wa iyayenmu garmaho mai hoton kare, suka ce a yar a sayi kaset, suka sake cewa a yar da kaset, har suka tattara waƙoƙin duniya kaf suka cusa cikin wayar aljihu, yanzu sun yi kwana sun koma inda suka fito, samarinsu na rububin babban faifan nan da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, mai juyi 33 da sulusi a minti, da ƙaraminsa mai juyi 45 na kamfanin RCA, wanda ya biyo baya a 1949. In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, ai sai ka nemi tsumma ka ɗaura.

Sai dai garmahon yau ba akwati guda ba ne da za ka wana ka koma gefe. Rukunansa uku ne, ɗaya ba ya inganta sai da sauran: na'urar da ke juya faifai, da amfilifaya mai ƙarfafa sauti, da lasifika biyu. Da na shiga kantin da ake sayar da su, wani saurayi mai gemu, wanda in a gida ne da tuni an tura shi gaba ya ja salla, ya tambaye ni wace mazhaba nake bi, domin malaman wannan fanni sun rabu biyu, saɓaninsu kuwa ya fi shekara hamsin ba a sasanta ba. Ɓangare guda sun tafi a kan a ajiye injin a gefe, a haɗa shi da farantin da ake ɗora faifai a kai da siririn bel na roba, don kada karkarwarsa ta kai ga allura; ɗaya ɓangaren kuma, mabiya Technics SL-1200 da ta fito a 1972, sun ce a dasa injin a ƙarƙashin farantin kai tsaye, ya tashi nan take, ba bel ɗin da zai saki. Fatawar da na samu ita ce, ga mai sauraro a ɗakinsa duk biyun sun halatta, ta biyun dai ta fi dacewa da masu kiɗan biki.

A nan ne na gano wata ƙa'ida da ba ta cikin Ahalari ba ta cikin Iziyya: gwargwadon tsadar na'ura, gwargwadon aikin da take bar wa mai ita. Akwai ta Audio-Technica mai rangwame, AT-LP60X, wadda in ka danna maɓalli ita za ta ɗaga hannunta, ta ɗora allura, in faifai ya ƙare ta mayar da shi mazauninsa cikin ladabi. Wadda na ɗauka kuwa, Rega Planar 1, da ake ƙerawa a Southend a nan Ingila, kuɗinta wajen fam 300 lokacin da na saye ta, ba ta san wannan hidima ba: kai za ka ɗora, kai za ka sauke, in kuma kana son komawa juyi 45, sai ka cire farantin ɗungurungum, ka kama bel da yatsu ka matsar da shi. Hikimar ita ce, kuɗin da za a kashe wa maɓallai an zuba shi a hannu da ƙundun da farantin ke juyawa a kai, nan ne kuwa daɗin sauti yake. Na san kai, da ko ruwan alwala sai an miƙo maka, ta farkon za ka zaɓa, kuma ba ka yi laifi ba.

Abin da malaman duka suka haɗu a kan karhancinsa shi ne ƙananan nan masu siffar jakar matafiyi, masu lasifika a jiki, saboda allurarsu na danna faifai da nauyin da ya ninka na kirki, wanda bai wuce giram 2 ko kusa da haka ba, ga shi kuma lasifikar na girgiza akwatin da allurar ke tafiya a kai. Araha ba ta ado. Allurar kirki ƙwayar daimon ce a bakinta, tana aiki sa'o'i ɗaruruwa kafin ta dushe, ba irin ta ƙarfe ta cikin ɗan gwangwani ba, wadda ƙa'ida ta ce a sauya bayan kowace fuska, Baffa kuwa, Allah ya jiƙansa, yakan sauya tasa daga salla sai salla.

Mas'ala mai wuya tana wajen amfilifaya. Wutar da ke fitowa daga kan allura 'yar mitsitsiya ce, kashi uku zuwa biyar cikin dubu na bolt guda, sa'an nan masu yanka faifai da gangan suke rage kaurin sauti su ƙara kaifinsa, don layukan su yi siriri waƙa ta samu wuri, bisa wani mizani da kamfanonin Amurka suka daidaita a kai a 1954. Saboda haka wajibi ne a sami mataki na musamman da zai ninka wutar kamar sau ɗari, ya kuma mayar da kauri da kaifi yadda makaɗi ya buga su. Ƙofarsa a bayan amfilifaya an rubuta mata Phono, wanda duk ya sayi marar ita, in dai na'urar juyinsa ba ta zo da nata a ciki ba, zai ji Shata na waƙa kamar sauro a cikin tulu. Lamarin isnadi ne tsantsa: allura ta karɓo daga faifai, amfilifaya ta karɓo daga allura, lasifika ta isar, in kuwa mai ruwaya na farko rarrauna ne, amincin na ƙarshe ba ya gyara komai, shi ya sa israfi ne a sayi ƙatuwar lasifika a yi rowa wajen allura.

Na tsaya a kan Cambridge Audio AXA35, mai wat 35 kowane ɓangare, mai ƙofar nan a jikinta. Kada ka raina adadin, kai da ka saba da lasifikar masu tallan magani a tasha, domin bangon gidajen nan, in maƙwabci ya yi atishawa kana iya yi masa addu'a daga gadonka, kuma tsohuwar da ke jikin gidana, mace mai kirki da kiyaye haƙƙin maƙwabtaka, ita ce haddin da maɓallin ƙara ba ya ƙetarewa.

Yanzu ga bukatata, wadda nauyi ne a wuyanka na bawa. Ka buɗe adakar Baffa ka tsamo mini fayafayan Mamman Shata da na Ɗanmaraya Jos, masu ɗan lanƙwasuwa in an taɓa. Masu kaurin nan na juyi 78 ka bar su, don fashewa suke yi, allurarsu daban ce, na'urata ma ba ta san gudunsu ba. Kada a goge su da bakin zane, kada a kama su sai ta gefe, kada a bar su a rana ko a bayan mota, a jera su a tsaye tsakanin kwali biyu, a ba amintaccen matafiyi wanda ba zai ɗora musu buhun kilishi ba.

Game da saƙon wata kuma, in Inna ta ga ya ɗan rame a wannan karon, ka ce mata canji ne ya motsa, ka rufa mini asiri kamar yadda na rufa naka a zancen babur ɗin nan. Ka gaida ta da kyau, da Gwaggo, da amarya da yara, da mutanen majalisa.

Wassalam,
Ubangidanka na Ingila.