Dokina Ya San Ni

Ban taɓa zama da mai doki ba face sai hira ta kai shi ga cewa, "Ai dokina ya san ni." Ba ƙarya yake yi ba kuwa. Dokin ya san shi sarai, sai dai abin da ya sani game da shi ɗin ne maigidan ba zai so a faɗa a bainar jama'a ba.

Doki, duk girmansa da ƙarfinsa, halittar gudu ce. A dawa shi ake farauta, shi ya sa idanunsa suke gefe da gefen kai, yana hangen kusan duk abin da ke kewaye da shi, ban da ɗan wurin da ke daidai bayan wutsiyarsa da wanda ke daf da goshinsa. Har gyangyaɗi a tsaye yake yi don ko-ta-kwana. Duk wanda ya tunkaro turke, tambaya ɗaya doki ke yi a kansa: wannan in saki jiki da shi, ko in shirya ƙafar baya? Ba ruwansa da sarautarka, ba ya duba lambar motarka. Mutane kuwa kowa da hanyar da yake bi don ya ci wannan jarrabawa.

Wanda za a fara da shi, don ba zai yarda wani ya riga shi ba, shi ne Na-bulala. Aƙidarsa gajera ce: doki sai da tsoro. Linzaminsa irin mai zoben nan ne da ke danne haɓa, ƙaiminsa a wase, muryarsa tun daga zaure ake jin ta. In doki ya tsaya, duka. In ya tafi, duka, don bai tafi da wuri ba. Abin da ya shige masa duhu shi ne, ba matsi ke koya wa doki abu ba, sassauci ne. Ka ja linzami, ya tsaya, ka saki nan take. Wannan sakin shi ne "madalla" a wurin doki, in kuwa ka yi jinkiri ko kaɗan ne, ba zai san me ake yaba masa ba. To Na-bulala ba ya saki. Dokinsa bai taɓa sanin ranar da ya yi daidai ba, don haka ya ɗauka daidai da kuskure duk kanwar ja ce, ya koma jiran ranar da maigida zai sunkuya ɗaukar hula. Sama da shekara 2,300 ke nan da wani Bagirke mai suna Zenofon ya rubuta littafi kan hawan doki, ya gargaɗi mahaya kada su taɓa doki suna cikin fushi. Na-bulala bai karanta ba, da ma ya karanta cewa zai yi dawakin Girka ne ba su da taurin kai. Ranar da zai yi baƙi yakan shigo barga da fara'a, yana shafa wuyan dokin yana "ɗan albarka". A 2018 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna wa dawaki hoton fuskar mutum a murtuke ko a sake, bayan sa'o'i suka kawo mutumin da kansa ba yabo ba fallasa a fuskarsa, sai ga dawakin da suka ga hoton fushi suna ɗari-ɗari da shi. Hoto ke nan, ina ga wanda ya sha bulala ranar Talata.

Sai Alhajin Sallah, wanda ke ganin dokinsa sau biyu a shekara, ƙaramar Sallah da babba. Mutumin kirki ne, ba ya duka, ba ya rowa. Sirdi sabo, jalala mai aiki, likkafa tana walƙiya, kuɗin kayan kaɗai sun isa sayen wani dokin. Tun da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, ya ƙara ɗaukar kansa a matsayin mai riƙon amanar tarihi. Ranar Hawan Daushe sai ya fito cikin shadda mai sitaci tana ƙara, rawani ya rufe rabin fuska, turare na tashi, ya ɓullo wa dokin ta baya, daidai inda ba ya gani. Dokin ya zabura, ya yi tabariya. Alhaji ya juya ga jama'a yana murmushi: "Kun gani? Murnar ganina yake yi." Yaron barga na riƙe da ragama, ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," yana kuma raɗa wa dokin wani abu a kunne, wanda ina kyautata zaton ban-haƙuri ne.

Akwai kuma Mai-toshiya. Shi ya ji an ce zamani ya canza, yanzu da soyayya ake horar da doki, sai ya fahimci soyayya da aljihu. Dabino, rake, sukari mai ƙwaya, duk lokacin da ya shigo. Doki ya tura shi da kai, ya ba shi. Ya ja masa hannun riga, ya ba shi biyu yana dariya. Bai san kowace ƙwaya darasi ba ce, kuma darasin shi ne: ture mutum, ka samu. Cikin wata guda ya yi kiwon ɗan sane mai ƙafa huɗu, wanda ke zura baki a aljihun liman in ya zo wucewa. Abotarsu irin ta ɗan takara ce da 'yan jagaliya, ranar da aljihu ya bushe ranar za a ga haƙora. Abin bai tsaya ga dariya ba, don Mai-toshiya yakan nuna ƙauna da tulin gero, alhali tumbin doki ƙarami ne a kan girman jikinsa, kuma doki ba ya iya amai. Hatsin da ya yi yawa a lokaci guda ciwon ciki yake zama, ciwon cikin doki kuwa yana kisa cikin dare ɗaya.

Wanda na fi jin daɗin kallo shi ne Ɗalibin YouTube. Matashi ne mai himma, ya ƙarar da datarsa kan bidiyon Monty Roberts, Ba'amurken nan na Kalifoniya da Sarauniya Elizabet ta gayyata fadar Windsor a 1989 don ya nuna yadda yake ɗora sirdi da mahayi a kan ɗanyen doki cikin kusan rabin sa'a ba tare da duka ba. Hanyar tasa ba sihiri ba ce. Yana sa doki a wani kewayayyen shinge, ya fuskance shi ido cikin ido ya kore shi, dokin ya yi ta zagaye. Shi kuma yana lura: kunnen da ke ɓangarensa ya juyo gare shi, zagayen ya fara matsowa ciki, dokin ya soma lasar leɓe yana tauna ba komai a bakinsa, ya sunkuyar da kai ƙasa. A daidai nan sai mutumin ya kau da ido, ya ba shi kafaɗa, dokin ya tako da kansa ya biyo shi. Masana halayyar dabbobi da dama sun ce wannan ma matsi ne da sassauci, an dai sauya masa riga, kuma ina ganin suna da gaskiya. Amma duk sirrin yana cikin sanin lokacin da za a juya, wannan kuwa ba ya fitowa a waya.

Ɗalibinmu dai ya sayi malafar kaboyi, ya kewaye bayan gida da zana, ya shigar da duƙushin kawunsa. Ya kore shi zagaye biyu, ya gaji, ya juya baya ya tsaya ƙyam, ido a rufe, yana jiran ya ji numfashi a kafaɗarsa. Ya ji tauna a bayansa, zuciyarsa ta yi fari: alama ta bayyana. Da ya waiga, duƙushi ya cinye kusurwar zanar, ya fice, yana can wajen mai kayan miya. In ka tambaye shi yau zai ce maka dokin "bai shirya buɗe zuciyarsa ba tukuna". Ya san sunan Pat Parelli da Ray Hunt da Tom Dorrance, yana jero su ba gargada, amma bai san yadda ake ɗaga ƙafar doki a duba kofato ba.

Maƙwabcinsa a aƙida shi ne Mai-hira, wanda ya haƙiƙance dokinsa na jin Hausa. "In na ce masa jibi za mu Zariya, tun daren gobe yake ƙin barci." Wannan cuta tsohuwa ce, har Turawa ta kama. A Balin ta Jamus an yi wani malamin lissafi, Wilhelm von Osten, da dokinsa Hans, wanda in aka tambaye shi uku a tara da huɗu sai ya buga kofato sau bakwai. A 1904 aka kafa kwamitin mutum 13 suka duba, suka ce ba su ga maguɗi ba. Sai wani masani, Oskar Pfungst, ya gano cewa in mai tambaya bai san amsar ba, ko dokin ba ya ganinsa, lissafi ya rushe. Ashe Hans jikin mutane yake karantawa: yana bugawa suna ɗaure da numfashi, da ya kai lambar sai kai ya ɗan motsa ba su sani ba, shi kuma ya tsaya. Dokin bai iya lissafi ba, amma ya iya mutane fiye da yadda kwamitin ya iya doki. Haka na Mai-hira yake. Ba Zariya ya ji ba, ya ga an fito da sirdi ana goge shi, an ƙara masa harawa, maigida na ta shige da fice.

Jarumin-baki shi ne mai hawa yana cewa, "Ni tun ina yaro," alhali gwiwoyinsa sun matse dokin, yatsunsa sun ƙanƙame linzami, numfashi ya tsaya a maƙoshi. Jama'a za su iya yarda da shi, wanda ke ƙarƙashinsa ne ba zai yarda ba. A wani gwaji da aka buga a 2009, masu bincike a Suwidin sun sa mutane su ja doki ko su hau su bi wata 'yar hanya, kafin zagayen ƙarshe aka ce musu za a buɗe laima farat ɗaya in sun zo wucewa. Ba a buɗe ba. Bugun zuciyar mutanen ya hau, na dawakin ma ya hau, su da ba wanda ya gaya musu zancen laima. Yanzu ka ɗauki Jarumin-baki ka kai shi ƙofar fada, inda laima ta gaske ke juyawa, 'yan bindiga na ɓarin albarushi, kakaki na tashi. In ya faɗo, sirdi ne ba a ɗaure da kyau ba.

Mai-laya kuma dokinsa ne ya fara tutsu duk lokacin da aka ɗora sirdi. Nan da nan ya gano dalili: baki ne, tun ranar da wane ya ce "kai, wannan ingarma" bai ce tubarkalla ba. Aka ƙara laya a wuya, aka yi hayaƙi a barga har dokin na tari. Ba wanda ya ɗaga zubuka ya duba. A ƙarƙashinta, daidai inda ƙashin sirdi ke zama a gadon baya, gashi ya tuje, fata ta saluɓe faɗin tafin hannu, ƙudaje na jiran a cire kaya su sauka. Dokin ya yi ta faɗa tun makonni: yana kwantar da kunne in ya ga sirdi, yana kaɗa wutsiya, yana lanƙwasa baya in an taɓa wurin. Da ya ga ba a ji, ya ɗaga murya.

Malamin gindin bishiya ba sai an daɗe a kansa ba. Rabonsa da hawa tun dokin kara, amma ya san kuskuren kowane mahayi daga Katsina har Bauchi. Dokin mai baki ya fi gudu.

Duk waɗannan, in ka bi sawu, za ka tarar akwai wani dattijo ko yaro da ke gyara ɓarnar da suka yi. Ɗan barga ne, ba ya cikin hoto, albashinsa bai kai kuɗin jalala ba. Kafin kiran assalatu ya kwashe toroso, ya jiƙa dusa da 'yar kanwa, ya zuba harawa. Ba ya shigowa sai ya yi gyaran murya, kuma ta gefen kafaɗa yake zuwa, inda dokin ke ganinsa. Hannunsa na bin wuya zuwa baya zuwa ƙafa, yana cire kaska, yana jin inda ya yi zafi. In dokin ya matso masa fiye da kima, ya tura shi baya da yatsa biyu a ƙirji, da ya ja taku ɗaya ya ɗauke hannu. Jiya haka ya yi, gobe ma haka zai yi, kuma bai taɓa kiran wannan da wani suna ba. Da yamma in ya fita kilisa, linzami a sake yake, dokin da ya yi wa Alhaji tabariya a gaban jama'a yana tafe yana kaɗa kai, kunne ɗaya gaba, ɗaya na saurarensa.

Ɗalibin YouTube ya taɓa tsare irin wannan dattijo a barga, waya a hannu tana ɗauka.

"Baba, wace hanya kake bi ne, ta Roberts ko ta Parelli?"

"Su waye kuma? 'Yan wace unguwa ce?"

"Turawa ne, Baba, manyan masana doki."

"To, Allah ya taimake su. Miƙo min bokitin can, ɗana. Ka kuma tashi daga bayansa, ka cire wannan malafar, tun ɗazu ita yake harara."