Layar Zana ta Awa Ɗaya

Da aka ba mu dogon hutu na baro Zariya da wani wasa da na koya a ɗakin kwanan ɗalibai, Dungeons & Dragons, wanda Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Tatsuniya ce ta taron dangi. Mutum ɗaya ke jan labari, shi ne kuma alƙali, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya faɗi abin da zai aikata. In aka zo wurin ko a dace ko a sha ƙasa, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20 ya raba gardama.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu a Gwangwan, na tara abokai uku. Kawu, wanda ya yi tauri a ƙuruciyarsa, ya jawo kujera ya ce shi ne boka, tunda duk wurin shi kaɗai ya san aikin.

Kwana biyu na yi ina tsara wani dodo da ya tsare rijiyar gari, irin macijin Kusugu na Daura. Kawu ko girmansa bai tambaya ba.

"Kai yaro, akwai layar zana?"

Na ce akwai, na buɗe littafin wasan na karanto masa sharuɗɗa: awa ɗaya take yi, kuma da ka kai wa wani duka ta karye. Sannan tsafin boka a ƙidaye yake, in ya ƙare sai an yi barci ya dawo. Na zaci zai ƙaryata Turawa. Sai ya gyaɗa kai, ya ce duk maganin da aka ba ka babu sharaɗi, kuɗinka kawai aka ci.

Daga nan ya karɓe wasan. Ya ji abokina da ya ɗauki malami yana iya samar da ruwa galan 10 a cikin mazubi, ya lissafa garwa biyu da rabi ke nan, ya ce to me ya kai mu faɗa? A kafa randa a kasuwa, kullum a cika a sayar. Na duba littafi gaba da baya, babu abin da ya hana. Dodona ya zauna bakin rijiya yana hamma, ba mai zuwa. Kawu ya ce Bayajidda ma wahalar da kansa ya yi.

Haushi ya sa na ce ai kowane tsafi da kayan haɗinsa, na ɗaga murya ina karantowa: layar zana, gashin ido a cikin ƙaro; ƙwallon wuta kuwa, kashin jemage da farar wuta. Na manta da yaran da suka yi mana zobe.

Kafin isha'i labari ya zaga gari cewa ɗan gidan nan ba boko ya je yi Zariya ba. Inna ta ƙwace ɗan lidon da tsumma, don kada ya taɓa mata hannu, ta jefa shi masai.

Da asuba na fito na iske wani maƙwabcinmu a zaure, ya zauna tsit ya manne da bango, ido ɗaya ya yi ja saboda tsigar gashi, ƙaro ya daskare masa a tafin hannu. Na ce, "Ina kwana, Baba?"

Ya zabura. "Kana ganina?"

Kafin in amsa, mai bin sa kuɗin taki ya yi sallama, ya kira sunansa har da na mahaifinsa. Kawu ya leƙo da buta a hannu, ya dubi mutumin sama da ƙasa.

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun ƙarfe uku, Malam."

"Ba a gaya maka awa ɗaya take yi ba?"