Na Ba Fim Ɗinku Shida, Sai Ku Kai Ni Ƙara

Tun kafin in buɗe baki na san abin da za ku ce: wane ne shi da zai ba fim maki, a wace makaranta ya karanta? To ku kwantar da hankalinku, ban karanta a ko'ina ba. Takardar shaidata ita ce kuɗin datar da na ƙona da barcin da na hana idona. Ku ɗin ma ai kullum kuna yanke wa finafinai hukunci a majalisa, sai dai maki biyu kacal gare ku: ko "ya haɗu" ko "shirme ne". Ni kuwa ina da ɗaya zuwa goma, kuma yau zan raba wa waɗanda na kalla kwanan nan. Wanda ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Bari in fara da RRR, don na san nan ne 'yan boko za su taɓe baki. Na ba shi takwas. Ga Malam mai gilashi can ya ɗaga hannu: haba, fim ɗin da ɗan sanda guda ya kutsa cikin dubban mutane da kulki, ya kamo wanda yake nema, ya fito da ransa? Fim ɗin da ake ɗaga babur ana jibgar sojoji da shi? E, ranka ya daɗe, shi fa. Har da wurin da jarumin ya cika mota da namun daji ya sake su a tsakiyar liyafar Turawa. Ƙarya ce, na sani. S. S. Rajamouli da ya ba da umarni ma ya sani, kuma bai rantse wa kowa cewa darasin tarihi yake bayarwa ba. Alluri Sitarama Raju da Komaram Bheem mutane ne na gaske da suka yi tawaye a Indiya zamanin mulkin Ingila, kowa a yankinsa. Abotar da aka ƙulla musu ce ƙirƙira. Abin da nake dubawa shi ne ko ƙaryar ta tsaya da ƙafarta, kuma ta tsaya. An ɗauke yarinya ƙarama daga ƙauyensu, ɗaya ya shigo birni ƙwato ta, ɗayan kuma shi Turawa suka ba aikin farauto shi, sai ga su sun zama aminai ba wanda ya san sirrin ɗan'uwansa. Kana zaune kana jiran ranar da asiri zai tonu, cikinka na ɗurar ruwa. Awa uku cur ban leƙa WhatsApp ba, kuma a zamanin nan wannan kaɗai ya isa shaida.

Abin da ke ba ni dariya, masu cewa ƙarya ta yi yawa su ne suka yi ta tafi ranar da aka harba mota sararin samaniya a kashi na tara na Fast & Furious. In Ba'amurke ya shirga, sunanta fasaha. In Ba'indiye ya shirga, sunanta rainin hankali. Su Baba da suka cika silimar Plaza da Eldorado a Kano ba su taɓa tambayar Dharmendra yadda ya kayar da ƙarti goma ba, Sarkin Ƙarfi suka raɗa masa suka wuce wurin. Ku kuma da ba ku yarda da abu sai Bature ya sa hannu, to ya sa: waƙar "Naatu Naatu" ta cikin fim ɗin ta ci Oscar a 2023. Maki biyun da na zaftare, ɗaya don Turawan ciki ne, waɗanda ba su da aiki sai zare ido da mugunta, ɗaya kuma don faɗan ƙarshe ya ja fiye da kima. Sannan a daina kiransa fim ɗin Bombay, da harshen Telugu aka yi shi, can kudancin ƙasar. Wanda ya kalle shi a fassarar Hausa na yarje masa ya ƙara rabin maki, domin masu fassararmu kan sa wa Ba'indiye baƙar maganar da marubucin labarin bai taɓa mafarkinta ba.

Oppenheimer kuwa Oscar bakwai ya kwashe a 2024, ni ma bakwai na ba shi, kun ga ban ci amanar kowa ba. Yanzu kuma ɓangare biyu ne suka taso mini. 'Yan majalisa na tambaya, ina faɗan, wane ne bos? Akwai bos, sunansa Lewis Strauss, Robert Downey Jr. ne ya hau matsayin, sai dai makaminsa takarda ce da ƙulla sharri a bayan ido, irin bos ɗin da kowane ma'aikacin gwamnati ya sani. Masu gilashi kuma na cewa goma ya kamata, wai Christopher Nolan ba ya kuskure. Na yarda wurin gwajin bam na farko, na ranar 16 ga Yuli 1945, ya kai a cire masa hula: haske ya tashi, komai ya yi tsit sai numfashi, can ƙarar ta iso. Amma bayan nan sai aka shige ɗakin kwamiti aka ƙi fitowa, kuma mutanen Hiroshima da Nagasaki da aka jefa wa abin ba a nuna su ba, damuwar wanda ya ƙera kawai aka sa mu taya. Kai da ka ba shi goma, tsakaninka da Allah, a zama ɗaya ka gama shi? Me ya sa wani sashe yake da kala, wani baƙi da fari? In ka amsa wannan ba tare da ka duba waya ba, na bar maka gomanka.

To mu dawo gida, inda rigimar gaske take. Ina gaida ƙungiyar "ni ba na kallon fim ɗin Hausa". Sannunku da ƙoƙari. Ku ne ba ku kallo, amma kun san Baba Ɗan Audu, kun san ranar da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, har kuna da ra'ayi a kan wadda ta fi dacewa. In an tambaye ku sai ku ce ai uwargida ce ke kallo, ku wucewa kawai kuke yi. Wace irin wucewa ce ta awa guda, da kofin shayi a hannu? Ku zauna sosai, Alhaji, ba wanda zai gaya wa abokanku.

Labarina na farko-farko bakwai na ba shi. Aminu Saira ya san inda ake ajiye kyamara, ya kuma san lokacin da ake yanke magana a bar mai kallo da ƙishirwa. Rabi'u Rikadawa, wato Baba Ɗan Audu, shi kaɗai, da ana raba wa mutum nasa daban, tara zai tafi da shi gida, domin ya iya sa ka tsani mutum kana dariya. Izzar So kuwa biyar. Na ji salatin Hajiya daga nan. Yi haƙuri Hajiya, ban ce ba ya koyar da tarbiyya ba, yana koyarwa har ya yi yawa. Jaruminsa Umar Hashim mutum ne da ba ya kuskure, ba ya fushin banza, duk wanda ya ƙulla masa sharri shi ke faɗawa ramin. Tun a fitowa ta goma ka san yadda ta ɗari za ta ƙare. Jarumin da ba ka jin tsoron zai faɗi, me zai hana ka barci a kansa? Lawan Ahmad da ya hau matsayin ya yi abin a yaba, tun 2020 ya riƙe jama'a a YouTube, amma labarin ya zama kokon da ake ta ƙara wa ruwa don ya ishi baƙi: ɗumin na nan, kaurin ya tafi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, ciwon duk masu dogon zango ne, dalilinsa ma ba ɓoyayye ba ne. Da can furodusa zai gama fim ya kai kaset ko faifai kasuwar Ƙofar Wambai, a saya, ya mayar da kuɗinsa. Satar fasaha da masu tura finafinai a waya suka kashe wannan kasuwa. Yanzu abincin yana wajen yawan masu kallo a YouTube da masu ba da talla, don haka kowane mako sai an fito da wani abu, ko akwai labari ko babu. Shi ya sa za ka ga mota ta iso ƙofar gida, an yi hon, maigadi ya taso, ya buɗe, ta shiga, ya rufe, an fito, an yi sallama, an tambayi gajiya da iyali da sanyi, sannan a katse a tallata maka fili da maganin basir. Minti goma sun tafi ba a ce komai ba. Na fahimci uzurin, Allah ya buɗa musu, amma uzuri ba ya ƙara maki.

Ga wanda zai sa a daina gaishe ni: Mai Martaba, shida. Na san za ku ce hassada ce, fim ɗin da Najeriya ta aika gasar Oscar a 2024 shi zan ba shida? Ku saurara. Aikawa daban, ci daban. Kowace ƙasa tana da damar tura fim guda, daga nan a tace a fitar da 15, kuma namu bai shiga cikinsu ba. Wannan ba abin kunya ba ne, amma ba kambi ba ne da za a rufe mini baki da shi. Abin da Prince Daniel Aboki ya yi na burgewa ban ɓoye ba: ya kwashi ma'aikata zuwa Daura, ya nuna dawaki da rawuna da ganuwa yadda ido zai ƙoshi, ya ba Adam A. Zango matsayin da ba rawa ba waƙa, kuma ya fito da shi. Hoton ya kai takwas. Labarin rikicin gadon sarautar Jallaba ne bai kama ni yadda hoton ya kama ni ba. An tara mutane da yawa, kowa da ƙullinsa, ba a ba ni lokacin da zan damu da ko ɗaya ba. In an kashe mutum a fim ban ji komai a ƙirjina ba, to akwai inda aka yi sake. Takwas na ido da huɗu na zuciya, a haɗa a raba biyu, ku lissafa da kanku.

Wani abu dai ya kamata masu raina harshen nan su riƙe. A 2019 an cire Lionheart da Najeriya ta tura daga wannan gasa saboda Turanci ya yi masa yawa. The Milkmaid da aka tura bayansa yawancinsa da Hausa ne, Mai Martaba ma haka. Ashe harshen da wasu ke jin kunyar a gan su suna kallo da shi, shi ne ke buɗe ƙofar.

Wannan ya kawo ni kan Amina na Izu Ojukwu, wanda Netflix ta saki a 2021. Zagezagi abokan wasana, ku matso kusa. Shekara da shekaru kuna mana gorin sarauniyarku ta ci mu da yaƙi, yau ga ta a fim tana ba dakarunta umarni da Turanci. Ashe tun ƙarni na 16 kuka yi boko ba ku gaya mana ba? Kayan da aka sa wa mutanen ciki ma na rasa na wace ƙasar Hausa ne. Lucy Ameh ta yi iya yinta, faɗace-faɗacen ba laifi, amma huɗu na ba shi, kuma ɗaya daga ciki don darajar Zazzau ne. Kada ku yi fushi, na rama muku da Mati a Zazzau: shida da rabi. Sadiq Sani Sadiq ya ba ni dariya, fim ɗin bai yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinsa ba, ya shigo ya yi abin da ya kawo shi ya fita. Rabin makin na ɗora ne don an nuna mayaudari ya isa garinku ya ji kamar a gida yake.

Saura masu cewa an biya ni. Wa ya biya ni, Rajamouli? Da ana biyana ai da ba a waya mai tsagaggen gilashi nake kallo ba. Masu tambayar wane fim ne zai samu goma a wajena kuma, babu. Ko a IMDb, inda miliyoyin mutane ke jefa ƙuri'a, The Shawshank Redemption na 1994 da ke kan gaba 9.3 gare shi. In duniya ta taru ta kasa cika goma, ni ɗan talaka ina na ga goman da zan yi kyauta da ita?

Wanda bai yarda da rabon nan ba ya kawo nasa, amma da sharaɗi biyu: ya kalli fim ɗin har ƙarshe, ba guntun da aka yanko a TikTok ba, kuma ya faɗi dalili, "kawai ina son jarumin" ba dalili ba ne. Na gaba a layi Pushpa kashi na biyu ne, awa uku da minti ashirin. Masoyan Allu Arjun, ku fara tanadin haƙuri tun yanzu.