Gwaggon Biri da Kilishina a Kwazazzabon Fish River

Yayana da ke koyarwa a Windhoek ne ya ce in zo mu ɗan miƙe ƙafa. Ashe kwazazzabon Fish River yake nufi, can kudancin Namibiya, daga Hobas zuwa Ai-Ais, wajen kilomita 85, kowa da kayansa a gadon baya. Ba a buɗe hanyar sai daga Mayu zuwa tsakiyar Satumba, ba a barin ƙasa da mutum uku, kuma sai da takardar likita. Yawon da sai likita ya sa hannu, ai da walakin goro a miya. Muka samu na ukunmu, wani ɗan ƙabilar Nama abokin aikin Yaya, wanda ya ɗaga jakata ya ajiye, ya tambaye ni ko ƙaura zan yi.

Me ke ciki? Garin kwaki, ƙuliƙuli, yaji, darduma, buta, tukunya, da kilishi da na naɗe a jarida tun daga gida.

Gangarar farko ta kai kusan mita 500, an kafa sarƙa a bakinta don mutum ya riƙe. Kafin mu kai gindi gwiwoyina suna ta kaɗawa kamar mazari, tukunyar kuma tana buga mini ƙeya a kowane taku. Yaya ya ce, "Ƙane, daga nan ai shimfiɗa ce." Shimfiɗar ita ce yashi mai haɗiye ƙafa har idon sawu, sai duwatsu da sai ka yi rarrafe, sai kogin da ke ta lanƙwasa, ka cire takalmi ka haye, ka sa, ka sake cirewa. A nan muka tarar da gawar babur ƙirar Vespa, na wasu 'yan Cape Town da suka yi yunƙurin ratsa kwazazzabon da shi a 1968. Na daɗe ina kallonsa. Shi dai ya huta.

A Sulphur Springs ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga 'yan itatuwan dabino a gefe. Na ce yau rabon kilishi ya tsaga. Na warware jaridar a kan dutse, ƙamshin tunkuza da citta ya tashi, na ɗauki buta na koma gefe in yi alwala tukuna. Ina cikin shafar kai na ji abokin Yaya yana ihu da harshensu, na waiga, sai ga wani ƙaton gwaggon biri zaune a kan dardumata, ya riƙe kilishin da hannu biyu. Muka haɗa ido. Ko gezau. Ya yage gefe ya tauna a natse, ya shinshina ƙullin yajin ya yi atishawa, ya jefar, sannan ya haye dutse da sauran, har da jaridar.

"Yaya, ka yi wani abu mana!"

"In kira masa 'yan sanda? Ko waya babu sabis a nan."

Daga ranar sai garin kwaki safe da yamma, da ruwan kogi da muka tace. Butar da suka yi ta yi wa dariya kuwa ta zama sarauniya: da ita ake ɗibar ruwa, da ita ake wanke bororon ƙafa, har layi ake mata. Da muka wuce kabarin Thilo von Trotha, sojan Jamus da aka kashe a 1905 lokacin yaƙi da Nama, abokin Yaya ya tsaya yana ba mu tarihin kakanninsa. Na yi ta jefa masa tambayoyi, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin baƙo mai son tarihi irina ba. Ni kuwa muddin yana magana, ina zaune.

A Ai-Ais akwai wurin cin abinci, sai dai an ɗora shi a kan 'yan matakala. Na tsaya a ƙasa na dube su, na dubi ƙafafuna, na roƙi mai kawo abincin, don girman Allah, ya sauko mini da farantin nan inda nake.