Ka Miƙe Kawai, Ba Za Ka Ɓata Ba

Baƙon da ya sauka a tashar Jambutu ya ce wa mai keke Yola za shi, tambayar da zai fara sha ita ce: wace Yolar? Jimeta, ko cikin gari wajen fadar Lamiɗo? In kuwa ya nemi kwatance wurin ɗan gari, amsar ɗaya ce: "Ka miƙe kawai, ba za ka ɓata ba." To haka takardar bayanin manhajojin kyauta take, wadda suke kira README. Ɗan unguwa ne ya rubuta ta. Ya tsallake kwana uku da ke kan hanyar, kai kuwa sai ka yi kwana uku kana nemansu.

Duk ɗalibin da ya ɗaura niyyar koyon rubuta manhaja, a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei yake, ko a AUN, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha a Jimeta, kafin ya rubuta layi ɗaya sai ya sha kokawa da girka kayan aikin. A filin kokawar nan zai gamu da waɗannan bayin Allah.

Na farko, Malam A-Wajena-Yana-Aiki. Ka nuna masa allonka ya yi ja wur kamar an yanka kaza a kai, sai ya buɗe tasa kwamfutar, ya danna, abu ya tashi sumul. Ya dube ka da tausayi. Ba ƙarya yake yi ba. Shekara biyu da suka wuce ya ƙara wani layi a PATH, wato jerin lungunan da na'ura ke leƙawa idan ka kira sunan manhaja, ya kuma manta sam ya taɓa yi.

Na biyu, Ɗan Kwafa-ka-Manna. Duk umarnin da ya tsinta a intanet sai ya zuba, ko bisimilla babu. In na'ura ta ƙi, ya dafa mata sudo a gaba, kalmar da ke ba mutum ikon maigida a Linux, kamar wanda makulli ya gagara ya ɗauko guduma. Yanzu Python uku ne a kwamfutarsa, ba sa ga maciji da juna.

Na uku, Almajirin Bidiyo. Malaminsa wani Ba'indiye ne a YouTube, yana bin sa tiryan-tiryan, ya tsayar, ya koma baya, ya sake. Abin da bai lura ba, karatun na Python 2 ne, wanda masu shi suka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. Ya rubuta python, na'ura ta ce ba ta san mai wannan suna ba, sai dai python3. Wace Yolar ke nan.

Na huɗu, Mai Wa'azin Linux. Ka je masa da ciwon yatsa, ya ce a canza ƙafar gaba ɗaya. Sai ka ji tarihin Linus Torvalds, ɗalibin Helsinki da ya fara aikin a 1991, da yadda ya ƙara da Git a 2005, kafin ya saka maka Ubuntu. Washegari kwamfutar ta ƙi kama Wi-Fi, maganin kuwa sai da intanet ake sauke shi. Ka kira Malam, ya tafi biki Mubi.

Na biyar, Ma'ajin Data. Ba ya sauke komai sai sha biyun dare ta gota, lokacin garaɓasa. Takarda ta ce umarni ɗaya ne tak, ba ta faɗa masa in ka gayyaci npm, mai sauko da manhajoji, da dangin uwa da na uba yake zuwa ba, ɗaruruwan ƙananan manhajoji, kowa riƙe da hannun wani. Kada ka raina dangin nan: a Maris ɗin 2016 wani ya janye tasa mai layi 11 kacal, left-pad, ayyuka dubbai suka tsaya cak a faɗin duniya. Ga zafin Afrilu, fankar kwamfuta na kuka, an kai kashi 98, sai wuta ta ɗauke, batirin kuwa dama na ado ne. Salati kawai za ka ji.

Na shida, Oga Fomatin, mai shagon gyara. Maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, aikinka na ƙarshen zango kuma Allah Ya jiƙan rai.

Ta bakwai ita ce mai wuyar gani: Mai Littafi. Ita ma ta sha wuyar, har da kuka a ɓoye. Bambancinta, duk ramin da ta faɗa sai ta rubuta shi a bayan littafin darasi. Irinta ba su da yawa ko a Amurka. A binciken da GitHub ya yi a 2017, kashi 93 na waɗanda aka tambaya sun koka da bayanin da bai cika ba ko ya tsufa, amma kashi 60 na masu ba da gudummawa suka ce da ƙyar suke taɓa rubuta bayani, ko ma ba sa yi. Kowa na son a share hanya, ba mai son riƙe tsintsiya.

Ita kam ta tura wa 'yan ajinsu matakai tara da Hausa a WhatsApp. Na huɗu cewa yake: "A nan za ka ga jan rubutu. Kada gabanka ya faɗi. Rufe baƙin allon, ka sake buɗe shi."

Bayan wata biyu Malam A-Wajena-Yana-Aiki ya yi sabuwar kwamfuta. Ya yini yana dannawa, allo na ta zubar da jini. Da magariba ya lallaɓo wurin Mai Littafi, ya rage murya: "Useni, ƙanwata, ɗan turo min takardar nan taki. Wani abokina ne ke so."