Nazari Kan Wani Balaguron Jirgin Ruwa da Bai Kai Numan Ba

Kogin Binuwai, wanda ya taso daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru ya ratsa Garwa kafin ya shigo Nijeriya, yana tafiyar kimanin kilomita 1,400 kafin ya haɗu da kogin Kwara a Lakwaja, kuma duk wanda ya zauna a Jimeta ya san halinsa biyu ne. Daga watan Yuli zuwa Oktoba yakan cika ya batse har manyan jirage su iya hawansa, wani lokaci ma ya shiga gonaki da gidaje idan aka saki ruwan madatsar Lagdo, wadda aka kammala a shekarar 1982, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Daga tsakiyar rani kuwa zuwa faɗuwar damina yakan janye ya bar filin rairayi mai faɗi, inda manoma ke shuka masara da kayan lambu, masu tifa ke lodin yashi, ɗan ruwan da ya rage kuma yana karkacewa a tsakani yana neman hanya.

Turawan da suka nufi Yola ta ruwa sun koyi wannan darasi tun da wuri. William Baikie, wanda ya hau kogin da jirgin Pleiad a daminar 1854, ya juya bai kai Yola ba bayan ruwa ya soma janyewa. Sojojin Ingila da suka zo yaƙar Lamiɗo Zubairu sai a watan Satumba na 1901 jiragensu suka iso. Kamfanonin da suka riƙa kwasar gyaɗa da auduga daga tashar Jimeta su ma 'yan watannin cikar kogi suke jira kowace shekara. Wanda darasin bai kai gare shi ba shi ne wani magidanci, ma'aikacin gwamnati mazaunin unguwar Yolde Pate a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, wanda ya ga hotunan wasu ma'aurata Turawa a wayarsa suna bin gaɓar Bahar Rum cikin jirgin da iska ke turawa, ya kuma yanke hukuncin cewa abin da ya rage wa aurensa na shekaru masu yawa shi ne irin wannan balaguro.

Hujjarsa ta ginu ne a kan ƙiyasi, wato auna wani abu da makamancinsa, kuma a zahiri ba ta da aibi: Turawa suna fita yawon ruwa ne a lokacin da ƙasarsu ta fi zafi, lokacin da Yola ta fi zafi kuwa shi ne Maris da Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, saboda haka ƙarshen Afrilu ne ya dace. Abin da ƙiyasin ya tsallake shi ne teku ba ta ƙafewa, Binuwai kuwa a wannan watan ne yake kai ƙarshen ramarsa. Ya tsara cewa za su tashi daga ƙasan gadar Jimeta da hantsi, su gangara yamma zuwa Numan, inda kogin Gongola ke zubowa cikin Binuwai, su kwana a gidan ƙanwar uwargida, washegari su dawo da labari. Uwargidan, wadda ta san cewa motar haya tana kai mutum Numan cikin sa'a guda da 'yan mintoci, ta faɗi haka sau ɗaya, da ta ga maganar ba ta shiga ba sai ta koma dama kunun gyaɗa da haɗa dambun nama, domin ta daɗe da gane cewa akwai gardamar da sai an bar wa kogi ya ƙarasa ta.

Ya kamata a yi bayanin jirgin kansa, domin a nan ne rabin matsalar take. Kwalekwalen da ake amfani da shi a Jimeta kayan aiki ne na masunta da 'yan fito, wato masu ƙetarar da mutane da kaya daga gaɓa zuwa gaɓa a kan kuɗi. Ana haɗa shi da katako, gindinsa shimfiɗaɗɗe ne domin ya wuce inda ruwa bai da zurfi, ana kuma tuƙa shi da filafili ko a dogara doguwar gora a ƙasan kogi a tura. Jiragen da maigidan ya gani a waya kuwa suna da wani faffaɗan ƙarfe ko katako mai nauyi da ke nutse a ƙarƙashinsu, wanda yake hana iska ture su gefe, shi ne kuma yake ba su damar yankar iska a karkace ko da daga gaba take busowa. Kwalekwale ba shi da wannan, don haka duk inda iska ta nufa nan zai nufa. Dattijon ɗan fiton da aka yi ciniki da shi ya yi ƙoƙarin bayyana haka, har ya ce, "Alhaji, yanzu ba ruwa, ku bari sai watan takwas," amma da ya ji an ninka masa kuɗin yini sai ya tuna cewa shi ba malamin makaranta ba ne.

Ranar tafiya ma'auratan suka iso bakin kogi a keke mai ƙafa uku, ɗauke da kuloli, da jarkar zoɓo, da tabarma, da rigunan kariya daga nutsewa guda biyu masu ruwan lemo, waɗanda maigidan ya dage sai an sa tun daga kan tudu. Daga inda keken ya tsaya zuwa inda ruwa yake akwai tafiya mai nisa a kan rairayin da rana ta riga ta gasa, kuma masu lodin yashi sun dakatar da shebur suna kallon mutum biyu sanye da rigar ceto suna ratsa busasshiyar ƙasa. A nan ne kuma maigidan ya fito da abin da ya ɓoye a ƙasan jaka, wato babban zanin gado mai adon furanni, wanda uwargida ke ajiyewa sai ranar Sallah ko zuwan baƙi, ya ɗaure shi a jikin gora biyu ya kafa a tsakiyar jirgi. Uwargidan ta dubi zanin, ta dubi mijinta, ta ce, "Malam, wannan ai na cikin akwatina ne," shi kuwa ya amsa da cewa idan suka isa Numan za ta ga amfaninsa.

Masana yanayi sun tabbatar cewa idan damina ta gabato, iskar da ke kaɗawa a wannan yanki daga kudu maso yamma take tasowa, daga wajen tekun Atlantika, ita ce kuma ke kawo hadari. A kogin Nilu na Masar iska daga arewa take busowa alhali ruwa arewa yake gangarawa, shi ya sa matuƙan can tun zamanin Fir'auna suke hawa da iska su sauko da ruwa. Binuwai daga Yola yamma yake gangarawa, saboda haka wanda ya kafa ƙyalle a ƙarshen Afrilu yana nufin Numan ya haɗa kokawa ne tsakanin ruwa mai rauni da iska mai ƙarfi. Da zanin ya cika ya kumbura, maigidan ya yi kabbara, jirgin kuwa ya yi tsaye na ɗan lokaci, sannan ya soma ja da baya cikin natsuwa, ya karkata zuwa gaɓar arewa ta wajen duwatsun Bagale, ta yadda da an ƙyale shi da Garwa ta fi kusa da samun baƙi. Kafin ɗan fito ya kwance igiyar, wata guguwa ta fizge zanin ta kai shi kan shingen ƙayar wani mai lambun albasa, inda ya rabu gida biyu.

Daga nan aka koma ga gora, aka kuma shiga kashi na biyu na tafiyar, wanda ya fi kowanne tsawo. Jirgi yakan yi 'yar tafiya sai gindinsa ya dafe a tudun rairayi, ɗan fito ya dubi wanda ya fi kowa nauyi ya ce, "Alhaji, a taimaka," maigida ya naɗe wando ya sauka ya tura, ya hau, a sake dafewa. Bayan an maimaita haka har azahar sai aka ga hawan ba shi da amfani, maigida ya ci gaba da tafiya a ƙasa riƙe da igiya, ruwa iya ƙwauri, rigar ceto tana tatsar guminsa, uwargida kuma tana zaune ƙarƙashin lema tana shan kunu tare da ɗan fito, wanda yake ba da umarnin a yi dama ko a yi hagu. A wannan hali wani yaro makiyayi ya ratso da garken shanu ta tsakiyar kogin, ya gaishe su da Fulatanci, ya wuce su, har ya ɓace musu da gani.

Batun dorina shi ne inda riwayoyi suka saɓa. Dorina dabba ce da ake samu a Binuwai da kuma madatsar Kiri da ke kan Gongola, tana kifar da kwalekwale, kuma tsoronta ba wauta ba ne. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, a wani gurbi mai ɗan zurfi da maigida ya samu ya koma cikin jirgi, an hango wani baƙin abu mai ƙoƙuwa ya ɗago daga ruwa, kuma kafin ɗan fito ya buɗe baki maigida ya riga ya dira, ya kai tsibirin rairayi mafi kusa da gudun da ba a san yana da shi ba, ya bar takalmi ɗaya da wayarsa a ruwa, ya kuma bar matarsa a jirgi. Ɗan fito ya zungura abin da gora, sai ga shi tsohuwar tayar tifa ce da ta nutse rabi a yashi. A riwayar maigida, ya fita ne domin ya janye hankalin dabbar daga kan iyalinsa, kamar yadda kaza ke yi wa shaho. A riwayar uwargida, bai waiwayo ba sai da ya ji dariya.

Da la'asar ta yi sanyi ɗan fito ya sanar cewa shi a nan zai tsaya, domin bai ga alamar za a kai Numan kafin damina ba. Maigida ya tambaya ko sun yi rabi, dattijon bai ce komai ba, ya nuna masa baya da haɓa, inda gadar Jimeta take tsaye ana iya ƙirga motocin da ke bi ta kanta. Suka haura gaɓa ta cikin gonakin rani na wajen Geriyo, suka sami keke a Jambutu, maigida da takalmi ɗaya, uwargida rungume da rabin zanin gado, domin ɗaya rabin mai lambu ya roƙa zai yi mutum-mutumin korar tsuntsaye da shi.

Lissafin asarar bai da wuyar haɗawa: waya ɗaya, takalmi ɗaya, zanin gado wanda aka fanshe da turmin atamfa biyu bayan zaman sulhu, da kuɗin yini ninki biyu da aka biya ɗan fito a kan aikin da fasinja ne ya yi mafi yawansa. Ƙanwar uwargida, wadda ta yanka kaza a Numan tana jira, ita ce ta fara yaɗa labarin, matan unguwa suka ɗauka daga nan, kafin Juma'a ta zagayo kuwa majalisar ƙofar masallaci a Yolde Pate ta naɗa maigidan Sarkin Ruwa, sarautar da a bisa al'ada ake bai wa shugaban masunta da 'yan fito, kuma har yara sun daina kiransa da wani suna. Shi dai bai karɓi cewa shirin ne ya ɓaci ba, yana cewa wata ne aka kuskure, ya kuma sanar cewa za a sake gwadawa a Satumba idan kogi ya cika. Uwargida ta amince, bisa sharaɗin cewa ita za ta riga shi zuwa Numan a mota ta jira shi a kan gada da busassun kaya, ta kuma sa wa akwatinta kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zaninta.